Gaɓa Uku a Haƙarƙarin Tsako

Talata, bayan la'asar

Malama ce take rubuta mini wannan, ƙanwar marigayi maigidana, wadda ta ƙarar da idonta wajen koyar da 'ya'yan mutane. Ni ko bihim ban sani ba. Figar kaji na sani, a kasuwa, tun ina da haƙora duka. Rubuta yadda na faɗa, Malama, kar ki gyara mini baki. Yayanki ma bai gyara shi ba har ya koma ga Allah.

Abin da ya sa na ce a rubuta, tun jiya duk wanda ya yi mini magana a asibitin nan da biro a hannunsa. Ko tari na yi sai a rubuta. To ni ma a rubuta nawa.

Jikana ne a kwance, watansa huɗu. Tsako nake ce masa, don ranar da aka haife shi bai cika mini tafin hannu biyu ba. In ina cikin raha kuma in ce angona. Jiya muka kai shi, ni da uwarsa, saboda tari da ƙin mama, da ihu in an ɗaga shi. Suka ce a ɗauki hoton ƙirji a ga ko sanyi ya sauka a huhu. Aka ɗauka. Huhu lafiya lau. Sai aka bar mu a kan benci, ma'aikatan da muke dariya da su da safe kowa ya ɗauke kai kamar mun zo bara.

Can likitar yara ta kira mu ɗaki, ta tura ƙofa. Wata 'yar siririya ce, in kin gan ta a hanya sai ki aike ta. Ta ce akwai karaya a haƙarƙarin yaron, kuma ba za a sallame shi ba sai an san yadda aka yi.

Na ce, “Karaya kamar yaya? Yaron da ko juyawa bai iya ba?”

Ta ce, “Shi ya sa, Mama.”

Ba a dukan yaro a gidana. Rubuta wannan da manyan baƙi.

Laraba, da azahar

Yau sun ɗauke shi hoto tun daga tsakar ka har ɗan yatsan ƙafa. Wai haka ake yi wa duk jaririn da aka gani da irin wannan, a duba ko akwai wata karayar a ɓoye. Sai an sami mai riƙe shi. Uwarsa ta ce ba za ta iya ba. Na ce ku ba ni angona.

Ɗakin sanyi kamar cikin randa. Kan injin ya sauko daga sama kamar wuyan raƙumi, yana haska wani ɗan jan layi a cikin yaron. Mai hoton wani dogo ne mai sanƙo, bakinsa ba ya hutawa. Ya zura mini wata rigar dalma, nauyi kamar an aza mini buhu, ya ce, “Kaka, yau ke ce soja.”

Na ce, “Sojan da ba a ba shi ko bindiga ba.”

Ya ce, “Bakinki ya isa.”

Ya nuna mini yadda zan miƙar da hannun, yadda zan danne gwiwa, sai ya ruga bayan gilashi ya ce kar ki motsa. Ƙit, a juya. Ƙit, a juya. Tsako yana tsala ihu yana kallona, yana tambayata da ido me na yi miki. Na yi ta yi masa waƙar da nake yi wa ubansa. Da aka zo kan haƙarƙari ta gefe, mai hoto ya daɗe yana kallon allonsa. Daga nan bai ƙara yi mini wasa ba. Ya cire mini rigar da hannu biyu, ya ce sannu Kaka.

Da muka fito wata mata tana jira, daga ofishin da ke kula da yara. Mai Jaka na sa mata, don jakarta ta fi ta girma. Ta ce su wa ke gidan. Na ce ni, da ɗana, da matarsa, da yaron. Ta ce ya sunan ɗan naki. Na ce yana jikin katinku, ki karanta. Ɗan fari ne, Malama, kin sani, tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ba zan fara don wata mai jaka ba. Mai burodi nake cewa, kowa ya gane.

Ta ce ya kuke yi da yaron da rana. Na faɗa mata. Mai burodi yana kwana a gidan burodi yana kwaɓa fulawa, ya dawo da asuba ya kwanta sai azahar. Surukata tana aiki a shagon wanki da guga, daga safe zuwa azahar. Ni kuma ina kasuwa.

Ta ce, “To da safe wa ke tare da shi?”

Na ce, “Ina nan ai. Kasuwar kusa ce.”

Daina kallona ta saman tabarau. Rubuta kawai.

Alhamis, da hantsi

Tsako ya kama mama yau. Shi ke nan, rufe littafin.

Juma'a, da yamma

Mai burodi ya same ni a rumfa. Sau ɗaya ya leƙa asibitin tun da aka kwanta, wai warin magani yana tayar masa da zuciya. Ya tsuguna gefen tukunyar ruwan zafi, ya ɗauki kaza ya fara taya ni figa, kamar lokacin da yake ɗan makaranta. Ya rame. Idonsa ja wur, na rashin barci.

Ya ce, “Inna, matar nan ta je har wurin aikinmu.”

Na ce to.

Ya ce, “In suka ɗora laifin a kaina ko a kan uwar yaron, ɗauri ne. Aiki ya tafi, yaron ma su karɓe shi su ba wasu. Ke kuwa tsohuwa ce, Inna, ba mai taɓa ki. Ki ce wajen wanka ya suɓuce miki. Tsautsayi ne, kowa ya san tsautsayi.”

Ban tambaye shi komai ba. Me zan tambaya? Yaron da na yi goyonsa a rumfar nan, tururi yana dukan mu tare. Yaron da tun rasuwar ubansa bai taɓa barin tukunyata ta kwana a bushe ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ya karya mini fiffiken kaza ɗaya wajen figa, mai kazar ta yi ta mita. Hannun kwaɓa ne da shi, bai san ƙarfinsa ba. Tun yana yaro haka yake.

Me ya sa kika ajiye biron? Ɗauka.

Asabar, da azahar

Na faɗa wa Mai Jaka. Na ce sabulu ne, ya zame mini ya bugu da bakin baho, na ji tsoro na yi shiru. Ta rubuta, ta karanta mini, na dangwala yatsa. Na ce to ku sallame mu, ga mai laifi kun samu.

Sai ta ce daga yau ba zan ƙara shiga ɗakin da yake ba.

Ni! Ni da na yanke masa farce na farko da haƙorina. Na ce mata ke yarinya, lokacin da nake wanka wa jarirai uwarki ma ba ta san inda za ta yi aure ba. Ta ce ta sani Mama, amma doka ce. Na ce dokar ta hana zama a benci? Ta ce a'a. To na zauna. Bencin yana daidai ƙofar ɗakin yara, duk wanda ya buɗe ina hango ƙafar gadonsa.

Surukata ta fito ɗiban ruwan zafi, ta wuce ni kamar ta wuce turmi. Yarinyar da ba ta taɓa wuce ni ba ta durƙusa ba.

Lahadi, da safe

Kin ce in faɗi gaskiya ko a cikin littafin nan ne, tunda namu ne. Wace gaskiya? Akwai dai wata rana da kaji ba su iso ba, na dawo gida da wuri, na iske...

A'a. Goge. Na ce ki goge, Malama.

Ba a dukan yaro a gidana.

Talata, bayan la'asar

Labari ya kai kasuwa. Mai tumatir ta kusa da ni ta ce, “Ashe hannu ya fara saki, Iya? A bar wa yara aikin mana.” Na ce hannun da ya saki ya fige kaji hamsin kafin ki gama ƙirga ruɓaɓɓun tumatirinki. Aka yi dariya, ta ja bakinta. Amma matar da ta saba ajiye mini 'yarta in za ta shiga cikin kasuwa, yau ta wuce da abarta a baya.

Su ce abin da suke so. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Alhamis, da azahar

Sakamakon jini ya fito. Dā sun ce akwai yaran da ake haifa da ƙashi mai gautsi, ko atishawa suka yi sai ya tsage, za su auna su gani. Na riƙe wannan maganar kamar igiyar rijiya. Yau likita ta tsaya a gaban bencina ta ce ƙashinsa lafiyayye ne, jininsa lafiyayye, idonsa da kansa ma ba komai.

Na ce alhamdu lillahi. Bakina ne ya faɗa. Allah ya yafe mini, Malama, kwana da kwanaki ina roƙon a ce jikana yana da ciwo. Wace irin kaka ce ke roƙon wannan?

Asabar, da hantsi

Benci. An buɗe ƙofa na ga tafin ƙafarsa yana harbin iska. Ya yi ƙiba.

A asibiti ya yi ƙiba. Ban san me ya sa wannan ya tsaya mini a rai ba.

Laraba, da yamma

Yau mako biyu, sun sake mayar da shi ɗakin hoto. Na tare mai sanƙo a hanya na ce wancan bai ishe ku ba, sai kun gasa mini miji da wutarku? Ya ce, “Kaka, ƙashin jariri ɓoye sabuwar tsaga yake yi. Sai ya fara ɗinkewa sannan ya nuna kansa. Shi ya sa muke jira mu sake.”

Ni na san wannan tun ba a haife shi ba. Kazar da ta taɓa karyewa ta warke, in kina gyara ta za ki ji wurin a yatsa, ya yi gaɓa kamar ta rake. Sabuwar karaya kuwa sai kin lalubo.

Wata nas ce ta riƙe shi. Ina waje ina jin ihunsa ta cikin bango. Da mai hoto ya fito ya ce, “Wadda ta riƙe shi yau ba ta kai ki ba, Kaka.” Na ce ka faɗa wa masu biro.

Alhamis, bayan azahar

Zauna sosai, wannan da tsawo.

Likita ta kira ni ni kaɗai. Ta kashe fitila, ta kunna allo. Ga angona, ba fata ba nama, 'yan ƙasusuwa a jere kamar haƙoran mataji. Ta ɗauki biro za ta nuna mini, na ce ajiye, na gani. Ta baya suke, dab da ƙashin gadon baya, dama da hagu. Gaɓoɓi farare.

Ta ce, “Wannan ta daɗe, ta kusa gama warkewa. Waɗannan biyun sun biyo bayanta. Waɗannan kuma a hoton farko ba a ganin su, sai a na jiya suka fito. Sau uku ke nan, Mama, lokaci daban daban.”

Sai ta ɗauko wata 'yartsana ta roba daga aljihun tebur. Ta riƙe ta da hannu biyu ta ƙarƙashin hammata, manyan yatsu a ƙirji, sauran a baya. Ta matsa. Robar ta yi ƙara.

Ta ce, “Haka ake samun irin wannan. Faɗuwa a bakin baho ba ta yin sa. Sau nawa ya suɓuce miki?”

Na ce, “Sau uku.”

Ta ce, “Mama.”

Na ce, “Sau uku na ce. Sabulun ne mai santsi.”

Ta kunna fitila. Ta ce in ba ta hannuna. Na miƙa. Kin san yatsun nan, ruwan zafi da sanyin safiya sun tanƙware su kamar citta. Ta sa nata a ciki ta ce in matsa iya ƙarfina. Na matsa har haƙorana suka haɗu. Ko yamutsa fuska ba ta yi ba, 'yar siririyar nan. Ta riƙe hannun ta ƙi saki.

Ta ce, “Hoto yana faɗin yadda aka yi, yana faɗin yaushe. Ba ya faɗin wa. Wannan sai mutanen gida. Ni zan rubuta abin da na gani, amma ke kin riga kin dangwala yatsa, kuma ofishinsu da maganarki za su yi aiki.”

Na zare hannuna na ce to su yi.

Na fito ina takawa da ƙarfi don ta ji. Sai da na kai bakin titi na samu dakali na zauna.

Asabar, da safe

Rana ta yi. Ban je kasuwa ba.

Litinin, da yamma

Mai Jaka ta zo gida ta zaunar da mu. Sun yanke magana. Ranar Alhamis za a sallami Tsako, a ba uwarsa da ubansa. Sharaɗi biyu ne: ni in bar gidan, kuma kar a ƙara barina da yaron ni kaɗai. Za ta riƙa leƙowa lokaci lokaci.

Na ce madalla, abin da nake so ke nan, yaro ya dawo ɗakinsu.

Mai burodi da kansa ya ɗauko mini akwati ya kawo nan ɗakinki. Kin gan shi ai, har da durƙusawa. “Inna, Allah ya bar mana ke. Kwana kaɗan ne, in ƙura ta lafa ki dawo.” Ya ajiye mini burodi mai zafi guda biyu, irin wanda nake so, mai ƙonannen gefe.

Ci abinki, Malama. Ni ya ƙi wuce mini. Duk sanda na kalle shi sai in ga wurin da yatsu suka shiga.

Talata, da azahar

Kin ce na ba kura ajiyar nama. A ɗakinki nake, shi ya sa na yi shiru. Ɗana ne kike kira kura, ɗan yayanki.

Ba a dukan yaro a gidana. Ba a duka.

Laraba, bayan la'asar

Kina nan ta zo, amma rubuta, ina so ya zauna.

Surukata ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ƙi hawa tabarma. Rabon da ta yi mini magana tun ranar da na dangwala yatsa. Ta ce, “Inna, gobe za a ba mu shi.”

Na ce na ji, Allah ya raya.

Ta ce, “Mai shago ya ce in ban koma ran Asabar ba ya ɗauki wata. In na zauna a gida kuma uban yaron ya ce ba zai iya ciyar da mu shi kaɗai ba. Ke an ce kar ki zo.” Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da aka kawo ta gidana. “Inna, ran Asabar da safe wa zai zauna da shi?”

Na ce ubansa mana.

Ta ce, “To.”

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Sannan ta ce, “Ni ban taɓa gani da idona ba. In na dawo dai nakan same shi ya yi laushi, yana numfashi sama sama, a ce mini barci ya yi. Na faɗa wa matar ofishin ina jin tsoro. Ta ce tsoron wa, ai wadda ta yi ta amsa da bakinta.” Ta miƙe. “Kin fitar da naki ɗan, Inna. Nawa fa?”

Ba ta jira amsa ba. Ko kuka ba ta yi ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

To buɗe sabon shafi. Ranar nan da na ce ki goge.

Motar kaji ba ta zo ba, na dawo da hantsi. Tun daga bakin layi nake jin kukan Tsako, irin na yaron da ya daɗe yana yi. Na shiga tsakar gida, ina cire takalmi, sai kukan ya ɗauke ɗif, kamar an kashe rediyo. Ba lafawa ya yi ba, Malama, yankewa ya yi. Labulen ɗakinsu a ɗage yake kaɗan. Mai burodi yana zaune a bakin gado, ido a rufe, ya riƙe yaron a gabansa da hannu biyu. Manyan yatsu a ƙirji. Yana cewa, “Yi shiru. Yi shiru. Don Allah yi shiru in yi barci.” Bakin yaron a buɗe, ba sauti.

Na yi gyaran murya. Ya buɗe ido, ya ce, “Inna, kin dawo? Ga shi nan ya ƙi barci.” Ya miƙo mini shi. Na karɓa, na goya, na hura wuta, na ɗora ruwa.

Ba duka ba ne. Abin da na yi ta faɗa wa kaina ke nan. Ai ban ga ya ɗaga hannu ba.

Yau 'yartsanar likita ce take mini ƙara a kunne.

Ajiye mini mayafina a kusa. Da sassafe zan fita. A'a, ba sai kin raka ni ba, gwiwarki ta fi tawa lalacewa.

Alhamis, da yamma

Ba ni ruwa tukuna.

Na riga su isa asibiti. Na zauna a bencina. Da hantsi sai ga mai burodi ya zo da sabuwar riga, ya yi aski, da ledar burodi ya kawo wa ma'aikata. Mai Jaka tana nan da takardunta, likita tana nan, surukata ta fito da Tsako a naɗe cikin tawul, an sa masa hular da na saya masa.

Ya gan ni ya ce, “Inna, me kike yi a nan? An ce fa kar ki zo.”

Na ce, “An hana ni ɗaki, ba a hana ni benci ba.”

Ya yi dariya don mutane, ya juya ya miƙa hannu biyu zai karɓi yaron. Na ga yatsun nan sun buɗe. Ban san sanda na miƙe ba, ni da sai na dafa bango. Na shiga tsakaninsu.

Na ce, “Sauke hannunka.”

Ya ce, “Inna, lafiya?”

Na ce da Mai Jaka, “Ke, buɗe jakar. Ciro takardar da na dangwala wa yatsa, ki yaga. Ƙarya na yi. Yaron nan bai taɓa suɓuce mini ba, ko tsakon kaza bai taɓa suɓuce mini ba.”

Ya sunkuyo ya rage murya. “Inna, ki rufa mini asiri. Ni ne fa. Gajiya ce, wallahi ban san na matsa haka ba. Ba zan ƙara ba.”

Na ce, “Sau uku ba ka sani ba?”

Ya ce, “Ke kika haife ni.”

Na ce, “Shi kuma kai ka haife shi.”

Mai Jaka ta ce, “Mama, in za ki canja magana sai kin faɗa a fili. Me kika gani, kuma wa kika gani?” Na ce ga shi nan a gabanki. Ta ce a'a, sai na faɗi suna da bakina, kar gobe a ce wani nake nufi.

Likita ta matso ta tsaya kusa da kafaɗata.

Malama, shekara talatin da wani abu. Ranar suna ma da aka raɗa masa, kaina na sunkuyar. Da ya yi ƙyanda yana ƙarami, ya kusa tafiya, ina kuka ina kiran sa, ko a ranar ban kama sunan ba. Na ɗauka zan shiga kabari da shi a bakina.

Na faɗa. Da ƙarfi, har da sunan ubansa. Mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Ya dube ni kamar na watsa masa ruwan figa. Bai taɓa jin sa da muryata ba. Ledar burodin ta faɗi, ya zauna a bencin nan nawa, ya sa kai cikin gwiwa. Daga baya wasu maza biyu suka zo suka shiga da shi wani ɗaki. Bai yi gardama ba. Da zai wuce ni ya ce Inna. Na ce ina nan. Kuma ina nan ɗin, duk inda suka kai shi zan kai masa abinci, in sun bari.

Tsako bai koma gidan ba. Yana asibiti da uwarsa har su gama shawararsu, an ce wataƙila wurin 'yan uwanta za su zauna. Ni kuma Mai Jaka ta ce har yanzu ba a ɗage mini dokar ba, tunda na yi musu ƙarya sai an sake zama a kaina. Na ce ku zauna har ku gaji, benci na nan.

Ina ɗaura mayafi zan taho, sai surukata ta zo ta durƙusa a gabana da yaron a hannunta. Ba ta ba ni shi ba, doka ce. Ta dai ɗaga tawul ɗin ta fito da ƙafarsa. Na riƙe. Ya harbe ni, ja'irin, da ƙarfinsa. Mai sanƙo yana wucewa ya ce, “Kaka, ango ya yi fushi an daɗe ba a zo ba.” Na ce ya yi ta yi, ƙashinsa ne, ya more shi.

An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban yanke ba, ban yar ba. Na dai ɗauke shi daga ƙirjin yaro.

Me? A'a. Kar ki rubuta sunan. Sau ɗaya na faɗa, ya isa. Bar wurin fari.

Wancan kuma na manyan baƙi, na shafin farko, bar shi yadda yake. Kar ki goge. Ina so in Tsako ya girma ya iya karatu, ya ga irin taurin kan matarsa.

Na gaji, Malama. Matsar mini da matashin nan.

(Ta juya ta fuskanci bango. Na jira da biro a hannu, sannan na rufe littafin.)